Ana neman ɗaliban malanta a gasar yara masu raunin fahimta: wa zai je?

Auwal (shugaban zaure): Salamu alaikum, barkanmu da yamma. Wata makarantar yara masu buƙata ta musamman a nan cikin Jos za ta yi gasar wasanni ranar Asabar ta ƙarshen wata, ita da wasu makarantu biyu. Yaran masu raunin fahimta ne, akwai masu lalurar Down a ciki (lalura ce da ake haihuwar yaro da ita, tana jinkirta girma da koyo), da waɗanda ƙwaƙwalwarsu ta taɓu tun wajen haihuwa ko bayan sanƙarau. Suna neman ɗaliban koyon malanta su zo su kama musu aiki: rakiyar yara zuwa layin farawa, riƙe agogo, rubuta sakamako, rabon ruwa, kai yara bayi. Babu biya. Akwai abincin rana da takardar shaida. Mai ra'ayi ya ajiye sunansa a nan.

Nanret: Ni ce ta farko, Shugaba. Rubuta ni.

Sadiq Gangare: Wa alaikumus salam. Ni dai inda na tsaya a sanarwar shi ne "babu biya". Tun ba mu karɓi satifiket ba an fara horar da mu a kan aikin kyauta. Ka taɓa jin an tara ɗaliban injiniya an ce su zo su gina kwalbati don Allah? Amma da an zo kan malami sai a tuno da lada. Daga Gangare zuwa can keke biyu zan hau, dawowa biyu. Wa zai biya?

Zainab: Ni tambayata daban ce, kuma don Allah kar a yi mini dariya. Ba sa duka? Akwai wani a layinmu da ke jifan mutane, shi ya sa nake jin tsoro.

Nanret: Ba abin dariya ba ne, Zainab, da yawa haka suke tunani. Wanda kike faɗa wataƙila taɓin hankali ke damunsa, wannan ciwo ne da kan sami mutum ko da ya girma lafiya ƙalau, kuma ana shan magani a samu sauƙi. Raunin fahimta kuwa da shi yaro ke tasowa. Koyo ne ke yi masa nauyi: magana, ƙirga, sa tufafi, gane umarni. Abin da wani yaro zai kama a mako, shi sai ya kai wata da watanni, amma yana kamawa. Suna fushi kamar kowane yaro, musamman in hayaniya ta yi yawa ko an ja su da ƙarfi. Malamansu suna wajen, ba ke kaɗai za a bari da su ba.

Malam Nuhu: Sadiq, ka yi haƙuri, ba komai ake auna shi da kuɗin keke ba. A Sahihu Muslim, Anas ya ruwaito wata mata mai matsala a hankalinta ta ce wa Manzon Allah (SAW) tana da buƙata a wurinsa. Bai ce ta jira ba, bai tura ta wajen wani ba. Cewa ya yi ta zaɓi hanyar da take so, ya je ya tsaya da ita har ta gama faɗin buƙatarta. Wuni ɗaya ne fa ake nema a wajenmu.

Sadiq Gangare: Allah ya gafarta Malam, ban musa ladan ba. Abin da nake cewa, akwai masu haƙƙin yin wannan aiki kuma ana biyansu. Dokar hana nuna wa naƙasassu wariya ta 2018, Buhari ya sa mata hannu a Janairun 2019. A 2020 aka kafa hukumar kula da masu naƙasa ta ƙasa a Abuja. Filato ma tana da tata hukumar. Dokar nan ta yi maganar ilimi kyauta ga mai naƙasa har ƙarshen sakandare. To in duk lokacin da aka rasa ma'aikata sai a kira ɗalibai su toshe gurbin, yaushe za a ɗauki ma'aikatan? Mu da muke neman aikin nan gobe, mu ne muke nuna ana iya yinsa ba ko sisi.

Ladi: Wannan maganar ta Sadiq ba ta yarwa ba ce gaskiya.

Koci Dung: Barka da yamma jama'a. Ni ɓangaren motsa jiki nake, kuma na yi alƙalanci a irin wannan gasa, bari in faɗi yadda take don kowa ya san abin da yake amsawa ko yake ƙi.

Tsarin da makarantun nan ke bi na Special Olympics ne, ƙungiyar duniya mai shirya wasanni ga masu raunin fahimta. Eunice Kennedy Shriver ce ta kafa ta, ƙanwar shugaban Amurka John Kennedy, kuma suna da 'yar'uwa Rosemary mai irin wannan lalura. Gasar farko a Chicago aka yi ta a 1968. Ta duniya ta 2019 a Abu Dhabi, ta 2023 a Berlin, kuma Najeriya na tura 'yan wasa. Ko a waɗancan manyan gasannin, dubban masu aikin sa-kai ne ke riƙe da fili. Don haka Sadiq, a wannan ɓangaren ba rainin malaman Najeriya ba ne, haka abin yake a ko'ina.

Abin da ya bambanta ta da gasar gidaje da muka saba a sakandare shi ne rabon rukuni. Da safe kowane yaro zai yi gudun gwaji, a rubuta lokacinsa. Sannan a zauna a haɗa waɗanda lokacinsu ya yi kusa da juna, a duba shekaru da jinsi, rukuni kada ya gaza yara 3 kada ya wuce 8. Ƙa'idar ita ce tazarar mafi sauri da mafi jinkiri a rukuni kada ta wuce kashi 15 cikin 100. Ma'ana wanda ke gama mita 50 a daƙiƙa 30 ba zai taɓa tsayawa a layi ɗaya da mai gamawa a daƙiƙa 10 ba. Kowa da tsaransa, kowa na iya cin zinare a rukuninsa. Na ɗaya zuwa na uku lambar yabo, na huɗu zuwa na takwas ƙyallen shaida.

Yanzu ga inda masu taimako ke ɓata aiki. A gudun gwaji, tausayi ya kama ɗalibi, ya riƙe hannun yaro yana jansa yana "zo mu je, zo mu je". Yaron da ƙafarsa ke kai shi a daƙiƙa 25 sai agogo ya nuna 17. A sa shi rukunin masu sauri. Da rana a gudun ƙarshe babu mai jansa, a bar shi can baya shi kaɗai, mutane na tafin tausayi. Wanda ya ja shi da safe yana gefe yana ganin ya yi aikin alheri.

Nanret: Wallahi Koci na ga wannan da idona. Wata kuma mai agogo ta shagala da kallo ba ta danna ba, sai ta rubuta abin da ta ga dama.

Sadiq Gangare: To in haka ne ai cuta ma da sauƙi. Makaranta ta ce wa yaronta ya yi laƙai-laƙai da safe a sa shi cikin masu jinkiri, da rana ya tashi sama. Ko ma a sako lafiyayyu a ce masu lalura ne. Mun san halinmu a gasar 'yan ƙasa da shekara 13, masu gemu ke bugawa.

Koci Dung: Akwai doka a kan na farkon. In sakamakon yaro na ƙarshe ya zarce na gwaji da tazara mai yawa ba tare da dalili ba, ana iya soke shi. Na biyun kuma ba mu muka fara ba. A gasar Paralympics, wato gasar duniya ta masu naƙasa, da aka yi a Sydney a 2000, Sifaniya ta ci zinaren ƙwallon kwando na masu raunin fahimta, daga baya aka gano 10 cikin 'yan wasanta 12 lafiyarsu ƙalau. Wani ɗan jarida da ke cikin tawagar ne ya tona. Aka ƙwace zinaren, aka cire rukunin masu raunin fahimta gaba ɗaya daga Paralympics, bai dawo ba sai a Landan a 2012. Masu lalurar na gaskiya su suka biya bashin laifin da ba su ci ba. Amma a tamu gasar malamai sun san yaran juna, da wuya a yi haka.

Maman Walid: Assalamu alaikum. Tun ɗazu nake karantawa, ban so in yi magana ba, amma yarona yana cikin masu gudu ranar. Da yawanku kun san ni a aji, ba ku san ina da shi ba. Shekararsa 14, yana da lalurar Down. Da aka haife shi, cikin dangin mijina akwai waɗanda suka ce ɗan ruwa ne, a kai shi bakin rafi a ajiye, iyayensa za su zo su ɗauka. Mun daɗe ba ma fita da shi biki ko suna.

Malam Nuhu, na gode da hadisin, amma ku yi haƙuri da abin da zan faɗa. Masu zuwa neman lada su suka fi ba ni wahala. Mutum ya zo fuska a marairaice, ya shafa kan yaron yana "Allah sarki, Allah sarki". Walid yana tsaye a gabansa, sai ya juyo gare ni ya ce, "Hajiya, yana shan lemo?" To ga shi nan, ka tambaye shi mana. Maganarsa ba ta fita sosai, amma in ka jira zai gaya maka ba ya son mai gas. Wata kuma ta riƙa yi masa muryar jarirai, saurayin da ya fara gashin baki.

Wanda ya fi ƙona mini rai hoto ne. Bara bayan wani taro, ƙanwata ta turo mini daga Facebook: wata ɗaliba ta rungume shi, ta rubuta a ƙasa wai mu riƙa gode wa Allah da ya yi mu cikakku. Ba ta tambaye ni ba, ba ta tambaye shi ba. Ranar ya jefa ƙwallo nesa fiye da yadda ya taɓa yi, ba wanda ya rubuta wannan.

Don haka ni ba na roƙon kowa ya zo. In za ku zo, ku zo ku riƙe agogo da gaskiya. In ya zo na biyar ku rubuta na biyar. Ya san bambanci, kuma yana jin haushi in ya gane an bar masa ne.

Malam Nuhu: Hajiya, maganarki ta shiga. Allah ya raya Walid, ya yi masa albarka.

Zainab: Amin. Mama, in ban gane abin da ya faɗa ba fa? Kunya zan ji in ce ya maimaita.

Maman Walid: Ki ce ya maimaita, 'yata. Ko ki ce ya nuna miki. Abin da ba ya so shi ne ki ce "eh, eh" alhali ba ki ji ba. Nan take yake ganewa.

Malama Rabi: Bari in shigo ta ɓangaren aji, don ni na riga ku shiga, karatun nan ƙari na zo yi. Ina koyarwa a firamaren gwamnati, ajina ya haura yara 80. Duk wanda ke tunanin yaran nan suna makarantu na musamman ne kawai, bai shiga aji ba tukuna. Makarantun nawa ne? Ta makafi ta Gindiri tun 1953 take, akwai ta kurame a Bassa, amma masu raunin fahimta fa? 'Yan cibiyoyi ne ƙalilan, yawanci na kuɗi ko na mishan, kuma a cikin gari. Sauran yaran ko suna ɗaki a kulle, ko suna bencin baya a ajinmu. Kowane aji akwai biyu ko uku. Sun maimaita aji har sun fi kowa tsawo, sunansu daƙiƙi, rabonsu bulala.

An koya mana kwas ɗin ilimi na musamman a NCE, na haddace ma'anoni na ci jarrabawa. Amma abin da nake amfani da shi yau a fili na gan shi, wajen wata malamar yaran nan. Za ta sa yaro tsalle daga tsaye. Mu da mun ce, "Je ka tsaya a bayan layi ka haɗa ƙafa ka lanƙwasa gwiwa ka yi tsalle in ka ji usur." Umarni biyar a numfashi ɗaya. Ita kuwa ta kira sunansa, ta jira ya kalle ta. Ta ce, "Tsaya nan," ta taka wajen da ƙafarta. Ya tsaya. Ta yi shiru. Ta haɗa ƙafafunta ta ce, "Haka." Ya duba ƙasa, ya duba nata, ya haɗa. Shirun nan nata har ya dame ni, na ɗauka ta manta abin da za ta ce ne. Ashe lokaci take ba shi maganar ta isa. In ka maimaita da wuri, ka katse masa, sai ya koma farko.

Na koma aji na gwada a kan yarinyar da ta shekara ba ta rubuta komai a littafi. Umarni ɗaya, nuni, jira. Ba ta zama ta ɗaya ba, kar in yi muku ƙarya, amma yanzu tana rubuta sunanta kuma ta daina ɓuya a bayi lokacin lissafi.

Sadiq, kai da za ka koyar da lissafi, kai ka fi kowa buƙatar wannan fili.

Sadiq Gangare: Malama, na yarda akwai abin koyo. To ai kin ƙarfafa maganata ne. In har ilimi ne da malami ba zai yi ba tare da shi ba, me ya sa ba a sa shi cikin manhaja ba? A lissafa shi cikin koyon aikin koyarwa, lakcara ya zo ya duba, a ba da maki, makaranta ta ba da mota. Jami'ar Jos tana da sashen ilimi na musamman guda, a Oyo akwai kwalejin tarayya sukutum a kan wannan fanni. Masana ba su yi ƙaranci ba. Me ya sa abin zai dogara da sanarwar WhatsApp da wanda ke da kuɗin keke?

Ladi: Ni ma nan nake. A sa maki, za ku ga fili ya cika.

Nanret: Zai cika da masu zama a gindin bishiya suna danna waya, suna jiran a zagayo da takardar sa hannu. Mun ga yadda ake yi a duk abin da aka ce dole ne. Gara mutum 15 da suka zo da kansu da 100 da aka koro.

Ladi: Nanret, ke fanninki ne, dole ki so. Amma wanda ya fi buƙatar zuwa shi ne wanda ba zai taɓa zuwa da kansa ba, mai ganin yaran nan ɓata lokaci ne. Shi ne gobe zai riƙe bulala a ajin su Malama Rabi. In an koro shi ya zo yana ƙunƙuni, wataƙila ya ga abin da zai sauya shi. In an bar shi, ba zai gani ba har ya yi ritaya.

Maman Walid: Ladi, da yaran wa za a gwada shi kafin ya sauya?

Ladi: Hmm. Anti, ban da amsar wannan. Sai dai a ba irinsu rabon ruwa da jera kujeru, kar a haɗa su da yaro.

Koci Dung: Akwai abin da ya fi maki damuna. Ƙa'idar Special Olympics ita ce ɗan wasa ya yi atisaye na aƙalla mako 8 kafin gasa. Ranar gasa kowa na son zuwa, akwai kiɗa, akwai manyan baƙi, akwai shinkafa. Ranakun atisaye malama ɗaya ce da yara 20 a fili mai tsakuwa. Yaran nan kuma sabo ne ke sa su saki jiki. Baƙuwar fuska ta zo ranar gasa ta kama hannunsa, wani sai ya zauna a ƙasa ya ƙi tashi. In da gaske muke, ko mutum shida ne su riƙa zuwa atisayen yamma kafin ranar.

Sannan dole a zauna da duk wanda ya ba da suna a yi masa bayanin lafiya. Misali biyu. Kusan rabin yaran da ake haifa da lalurar Down suna zuwa da matsalar zuciya, wasu kuma ƙashin wuyansu na sama yana da sako-sako, shi ya sa ba a sa su tsallen sama ko buga ƙwallo da ka ko alkafura sai likita ya duba. Kar wani ya zo da wasan ɗaga yaro sama ko juya shi. Na biyu farfaɗiya, tana da yawa a cikinsu. In yaro ya faɗi, ba a danne shi, ba a tura masa cokali a baki, ba a ɗura masa ruwa. A kawar da abin da zai buge, a sa abu mai laushi a ƙarƙashin kansa, a duba agogo, in jijjigar ta lafa a juya shi ta gefe. In ta wuce minti 5 sai asibiti. Kuma yawunsa ba ya sa wa kowa ciwon, a daina gudu.

Zainab: Ikon Allah. Mu cokali aka koya mana a gida.

Malam Nuhu: Shugaba, abu biyu. Kai yara bayi, a tabbatar mata ke kai mata, maza ke kai maza. Sannan a tsayar da wasa lokacin Azahar.

Nanret: Ƙari a kan na Malam: kada babba ɗaya ya keɓe da yaro, ko namiji ko mace, a riƙa zama biyu. Yaran nan sun fi kowa faɗawa hannun mugaye saboda ba sa iya ba da labari, in sun bayar ma ba a yarda. Kariya ce gare su, kariya ce gare mu.

Ladi: Kuma a faɗa mana unguwar da filin yake tun yanzu. Kun san garinmu, akwai iyayen da ba za su bar 'ya'yansu su shiga wasu unguwanni ba, ta kowane ɓangare.

Auwal (shugaban zaure): Na kira shugabar makarantar yanzu. Filin yana bakin babban titi wajen Farin Gada, kowa na iya zuwa, kuma za a tashi kafin La'asar. Asabar aka zaɓa don kar a taɓa Juma'a ko Lahadi. Ta yarda da hutun Azahar. Hoto an hana sai wanda makaranta ta naɗa, da izinin iyaye. Atisaye Talata da Alhamis ƙarfe 4, ta ce ko mutum uku suka zo ta gode. Bayanin da Koci ya ce, Asabar mai zuwa ƙarfe 10, wanda bai halarta ba ba za a haɗa shi da yaro ba. Kuɗin mota ta ce wallahi ba su da shi, abincin ma iyaye ne suka yi karo-karo.

Malama Rabi: Ina da mota, zan ɗauki mutum huɗu daga Terminus. Masu fitowa daga Bukuru su haɗa kansu.

Sadiq Gangare: Ra'ayina yana nan, aikin nan na biya ne kuma na manhaja ne. Zan rubuta takarda a kai, Ladi ki taya ni, mu tara sa hannu kowa ya kai wa shugaban sashensu. Ranar kuma a ba ni teburin lissafin rukuni, don na ga in aka bar wa wasu kashi 15 ɗin nan za a yi ɓarna. Malama, a ajiye mini kujerar gaba.

Zainab: A sa ni a rabon ruwa tukuna. In na saba sai a ƙara mini.

Koci Dung: Masu zuwa atisaye su zo da rigar sanyi, yamma ta fara busawa. Kuma ina neman aron tef ɗin awo mai mita 50, nawa ya tsinke. Akwai mai shi?

Auwal (shugaban zaure): Yayana magini ne, zan tambaye shi. Sunaye 11 ke hannuna, maza uku ne kacal a ciki, kuma yara maza sun fi yawa. Maza, ana jiranku kafin Laraba.